Tsohuwar i7 Ko Sabuwar i3: Yadda Ake Auna Ƙarfin Furosesar Kwamfuta Ta Girke

A wani shagon sayar da kwamfutoci na hannu na taɓa tsayawa ina sauraron cinikin da ya ɗauki kusan rabin sa'a, tsakanin mai shagon da wani dattijo da ke neman na'urar da zai girke a wurinsa na buga takardu. An nuna masa guda biyu. Ta farko Dell OptiPlex ce, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa a yi lodinsu zuwa nan, an manna mata 'yar takarda a gaba mai ɗauke da sunan Core i7. Ta biyu kuwa sabuwa ce, haɗin gida, mai Core i3. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wallahi wannan ƙaramar ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba." Dattijon ya yi murmushin wanda ya gano ana son yi masa wayo, ya ce, "Yaro, ko a makarantar allo bakwai ta fi uku." Ya biya kuɗinsa, aka ɗora masa i7 a bayan babur.

Mai shagon ne ke da gaskiya, amma bai iya bayyana dalili ba. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, da ke cikin waccan Dell ita ce i7-2600, wadda kamfanin Intel ya fitar a farkon shekarar 2011, ita kuma ƙaramar i3-12100 ce ta farkon 2022. Kowaccensu tana da cibiyoyin aiki huɗu, wato sassan da kowanne ke iya gudanar da aikinsa shi kaɗai, kowace cibiya tana jan layin aiki biyu, kuma saurin bugunsu bai yi nisa da juna ba, domin tsohuwar tana kai wa gigahaz 3.8 idan ta miƙe, sabuwar kuma 4.3. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma idan aka ba su aiki iri ɗaya aka riƙe agogo, sabuwar takan kammala a wajen rabin lokacin da tsohuwar ke ci. Sunayen i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, kamar a ce ƙarami da matsakaici da babba a cikin 'ya'yan shekara guda, ba su faɗin komai a kan tazarar da ke tsakanin zubi na biyu da zubi na goma sha biyu.

Kuskuren da ya fi wannan daɗewa shi ne ɗaukar gigahaz a matsayin ma'aunin ƙarfi. Gigahaz ɗaya na nufin agogon cikin furosesa yana bugawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa, sai dai bugun ba shi ne aikin ba, kamar yadda yawan sara ba shi ne yawan itacen da aka faskara ba. A farkon shekarun 2000 kamfanonin Intel da AMD sun yi tseren wannan lamba kamar ba gobe. AMD ta riga kai wa gigahaz ɗaya da Athlon a watan Maris na 2000, Intel ta mayar da martani da Pentium 4 a ƙarshen wannan shekara, wadda aka zana ta musamman domin ta yi ta hawa a saurin bugu. Dabarar ita ce a yanyanka kowane umarni zuwa matakai ƙanana masu yawa, ta yadda kowane mataki zai ƙare cikin ƙiftawa. Wanda ya taɓa ganin leburori suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu zuwa saman bene ya san yadda abin yake: idan aka tsawaita layin mutane, kowa tafiyarsa kaɗan ce, kwanuka kuma suna ta zuwa a jere. Matsalar tana tasowa ne idan aka gano an yi kuskuren kwaɓi, domin dole a zubar da duk abin da ke hannun mutanen layin a sake daga farko, kuma gwargwadon tsawon layi gwargwadon asara. Furosesa tana yin hasashen inda manhaja za ta nufa tun kafin ta tabbatar, kuma duk lokacin da hasashen ya kuskure, irin wannan zubarwa take yi. Pentium 4 ta 2004, wadda ake kira Prescott, matakai 31 gare ta. Ta kai gigahaz 3.8 tana huci, Intel kuma ta soke shirin fitar da mai gigahaz 4.

Abin da ya biyo baya shi ne misali mafi tsabta da na sani a wannan fage. A watan Yulin 2006 Intel ta fitar da Core 2 Duo, mai matakai 14 kacal. Samfurin E6600 yana bugawa a gigahaz 2.4, an ƙayyade zafinsa a wat 65, kuma an sa masa farashin dala 316. Babbar furosesar kamfanin ta watannin baya, Pentium Extreme Edition 965, ita ma mai cibiya biyu, tana bugawa a gigahaz 3.73, tana neman sanyaya na wat 130, kuɗinta dala 999. Mai arhar, mai jinkirin bugu, ita ta yi gaba a mafi yawan gwaje-gwaje. Dalili shi ne tana kammala umarni da yawa a kowane bugu guda, kuma wannan ma'auni, wato yawan aikin da ake gamawa a bugu ɗaya, shi ne abin da ba a rubutawa a jikin kwali alhali shi ne ya fi raba tsohuwa da sabuwa. Ƙarfin cibiya ɗaya shi ne saurin bugu idan aka ninka shi da aikin kowane bugu, don haka kwatanta gigahaz yana da ma'ana ne kawai tsakanin furosesoshi masu zane iri ɗaya.

Akwai dalilin kimiyya da ya sa tseren ya tsaya. Tun 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ƙanƙanta tiransisto, wato 'yan mitsitsin makunnan wuta da ake gina furosesa da su, ana iya rage ƙarfin wutar da ke motsa shi daidai gwargwado, sai a samu ƙarin sauri ba tare da ƙarin zafi a fili ɗaya ba. Shekaru kusan talatin masana'antar ta ci wannan garaɓasa. Wajen 2005 abin ya ƙare, domin tiransistocin sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo daga cikinsu ko suna kashe, ba a kuma iya ci gaba da rage ƙarfin wutar kamar da. Yawan tiransisto bai daina ƙaruwa ba: Pentium 4 ta farko tana da miliyan 42, Core 2 Duo miliyan 291, Ryzen 7 1800X ta 2017 kuma biliyan 4.8. Saurin bugu ne ya koma tafiyar hawainiya, har sai a farkon 2023 aka ga furosesar kasuwa da ke taɓa gigahaz 6 daga masana'anta, wato i9-13900KS. Injiniyoyi sun karkatar da waɗannan tiransistoci zuwa wasu wurare, musamman ƙarin cibiyoyi, da faɗaɗa ma'ajin kusa da ke riƙe bayanai a jikin furosesa, da kyautata hasashe.

Ƙarin cibiyoyi shi ma ya zo da nasa ruɗanin. Cibiya takwas ba ta nufin ninki takwas, domin ba kowane aiki ne ke rabuwa ba. Mutum goma na iya nome gona a kashi ɗaya cikin goma na lokacin mutum ɗaya, amma mutum goma ba za su sa tukunya ta tafasa da wuri ba. Gene Amdahl ya bayyana lissafin wannan tun 1967: idan kashi 90 cikin ɗari na aiki yana rabuwa, kashi goma kuma dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya, cibiya takwas za ta ba da saurin da bai kai ninki biyar ba, kuma ko an kawo cibiya dubu ba za a wuce ninki goma ba. Haɗa bidiyo da matse manyan fayiloli da zanen gini mai siffa uku suna rabuwa sosai, don haka suna cin moriyar kowace cibiya. Buɗe Word, ko lissafi a ƙaramin shafin Excel, ko loda shafin intanet, galibi sun dogara ne a kan saurin cibiya ɗaya ko biyu. Sannan ita kanta kalmar cibiya ba ta da ma'ana ɗaya a ko'ina. AMD ta tallata FX-8150 ta 2011 a matsayin mai cibiya takwas, alhali kowane biyu daga cikinsu suna tarayya a wasu muhimman sassa, kuma a ayyuka da yawa i5-2500K mai cibiya huɗu ta sha gabanta. Maganar ta kai kotu a Amurka, inda a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 12.1 domin a sasanta. Daga zubi na goma sha biyu kuma, a ƙarshen 2021, Intel ta fara gauraya manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta, ta yadda i9-13900K mai cibiya 24 a haƙiƙa manya takwas ne da ƙanana goma sha shida.

Wani abin da ke rikita kwatance shi ne ci gaban bai tafi a mizani ɗaya ba, kuma a ganina wannan ne ya fi shafar mai sayen na hannu. Daga i7-2600K ta 2011 zuwa i7-7700K ta farkon 2017, babbar furosesar da Intel ke sayar wa talakawan masu amfani ba ta wuce cibiya huɗu da layi takwas ba. Zubi shida ke nan, kowanne yana ƙara ɗan abin da bai kai a sake na'ura dominsa ba, saboda a waɗannan shekaru AMD ba ta da abin da za ta tsorata kowa da shi. Shi ya sa mutanen da suka sayi zubi na biyu ko na uku suka daɗe suna cewa ba su ga dalilin canji ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. A watan Maris na 2017 AMD ta fito da Ryzen, inda 1800X mai cibiya takwas da layi goma sha shida ta zo a dala 499, alhali mai cibiya takwas ta Intel a lokacin ta haura dala dubu. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta fitar da zubi na takwas, i7 da i5 suka koma cibiya shida, i3 ta koma huɗu. Ma'ana, i3-8100 ta tashi da adadin cibiyoyin da i5 ke da su watanni kaɗan kafin nan. Saboda haka tazarar da ke tsakanin zubi na uku da na shida ƙarama ce idan aka gwada ta da wadda ke tsakanin na bakwai da na goma sha biyu, ko da yake a lissafin shekaru ba su yi nisa da juna ba.

Sai maganar jira, wadda mutane ba su cika kawowa a rai ba. Furosesa mai gigahaz 3 tana bugawa da saurin da ko haske bai wuce tafiyar santimita goma ba kafin bugu na gaba. A irin wannan sauri, ɗauko bayani daga RAM, wato ma'ajin da ke riƙe abin da kwamfuta ke aiki a kai, tafiya ce mai nisa da ke cin ɗaruruwan bugu, shi ya sa ake gina ma'ajin kusa a jikin furosesar kanta, inda mafi kusa ke amsawa cikin bugu huɗu ko biyar. AMD ta nuna tasirin wannan ƙarara a 2022, lokacin da ta ɗauki Ryzen 7 5800X mai ma'ajin megabait 32, ta ɗora masa ƙari ya zama 96, ta kira shi 5800X3D. Ta ma rage masa saurin bugu daga 4.7 zuwa 4.5, amma a wasannin kwamfuta ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau, yayin da a ayyukan da ba su damu da ma'ajin ba ya ɗan koma baya. Furosesa ɗaya, hukunci biyu, ya danganta da aikin da aka ba ta.

Idan jiran RAM ɗaruruwan bugu ne, jiran tsohon faifan ajiya mai juyawa miliyoyi ne. Allurar faifan kan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ta isa inda bayani yake, kuma a wannan ɗan lokaci furosesa mai gigahaz 3 ta buga sau miliyan talatin tana zaune. Yawancin kwamfutocin da ake cewa sun tsufa sun yi nauyi, ba furosesar ce ta gaza ba, faifan ne ke riƙe ta. Na sha ganin i5-3470 ta 2012 da aka cire wa faifai mai juyawa aka sa SSD, wato ma'ajin da ba shi da allura ko abin juyawa, aka ƙara RAM zuwa gigabait takwas, ta koma tana buɗe Windows kafin mutum ya gyara zama. Duk wanda ya gwada tsohuwa mai faifai da sabuwa mai SSD, ya ce ya auna furosesa, to ba ita ya auna ba.

Inda tsufa ke yin illar da ba ta da magani shi ne wajen abubuwan da aka gina a cikin sababbi waɗanda babu su sam a tsofaffi. Kowane zubi yakan zo da sababbin umarni: AVX ya shigo da zubi na biyu a 2011, AVX2 da na huɗu a 2013, kuma akwai manhajojin yau da ba za su tashi ba idan babu shi, komai yawan gigahaz. Haka nan bidiyo. Sababbin furosesoshi suna da wani sashe na musamman da ke warware bidiyon da aka matse ba tare da damun cibiyoyi ba. Na Intel sun samu cikakken tallafin tsarin VP9 da YouTube ke amfani da shi daga zubi na bakwai, tsarin AV1 kuma daga na goma sha ɗaya. Tsohuwar i7 tana iya nuna bidiyon, amma da ƙarfin tuwo take yi, fanka na kuka, wuta na tafiya. Sannan ga shingen Microsoft. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, a hukumance tana neman zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan tsiraru da aka keɓe, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Masu gyara sun san hanyoyin tsallake shingen, kuma Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya lafiya a kan waɗannan na'urori, amma duk wanda sana'arsa ta rataya a kan Windows ya kamata ya san cewa i5-7500 da i5-8500, waɗanda shekara ɗaya ce tsakaninsu, suna ɓangarori biyu na wannan katanga.

Ga wanda ke aiki da janareto ko batirin sola, lissafin wuta ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ma lambar da ke jikin takarda tana yaudara. Adadin wat da ake rubutawa ma'aunin zafin da ake so na'urar sanyaya ta iya ɗauka ne, ba abin da mita za ta nuna ba. An rubuta wa i9-13900K wat 125, amma Intel da kanta ta ce tana iya jan 253 idan ta miƙe. Tura sababbin furosesoshi zuwa iyakarsu ma ya jawo wa kamfanin matsala a 2024, lokacin da ya amince cewa wasu manyan samfura na zubi na goma sha uku da sha huɗu suna neman ƙarfin wuta fiye da kima har suna lalacewa, ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Sabo ba kullum ne ke nufin tsimi ba. Abin da ke tabbas shi ne a matsakaitan samfura, sabuwa tana gama aiki da wuri ta koma hutu, don haka wutar da take ci a kan kowane aiki ta fi kaɗan. Harafin da ke ƙarshen lamba ma yana magana: i5-6500 tana bugawa a 3.2 da wat 65, i5-6500T da ake samu a 'yan ƙananan akwatunan nan kuma 2.5 da wat 35, wato an sayar da ɗan sauri an sayi sauƙin wuta. Zafin gari yana shiga lissafin. Furosesa tana rage gudunta da kanta idan ta kusanci digiri ɗari, kuma na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ya bushe shekara goma, ba za ta ba da abin da aka auna a ɗakin gwaji mai sanyi ba idan aka kunna ta a shago mai rufin kwano a watan Afrilu.

Manhajojin awo irin su Cinebench da Geekbench da PassMark suna da amfani, muddin an san abin da kowacce ke aunawa. Cinebench zanen hoto mai siffa uku take ba furosesa, aikin da ke rabuwa kusan ɗari bisa ɗari, don haka takan fifita mai cibiyoyi da yawa fiye da yadda mai aikin ofis zai ji a hannunsa. Kowaccensu tana ba da maki biyu, na cibiya ɗaya da na duka, kuma na farkon ne ya fi kusa da abin da mutum ke ji idan ya danna abu yana jiran ya buɗe. Ba a kuma gwada makin wani fitowar manhajar da na wani fitowar, domin ma'aunin yana canzawa.

Idan aka koma ga dattijon nan, ban ce ya yi asara ba. Aikinsa buga wasiƙu ne da cike fom a intanet da tura takardu zuwa firinta, kuma i7-2600 mai SSD za ta yi masa wannan ba tare da ya ji komai ba, a kuɗin da bai kai na sabuwar ba. Abin da bai sani ba shi ne ya biya kuɗinsa ne saboda lamba bakwai, alhali i5-8500 ta hannu, mai cibiya shida, da ta fi ta gudu, ta fi ta sauƙin wuta, ta kuma karɓi Windows 11 ba tare da dabara ba. Lambar da ya kamata ya duba ba ta kan takardar da aka manna a gaban akwatin, tana cikin bayanan na'urar ne, bayan 'yar karan da ke bin i7 ɗin: a 2600 alƙalamin farko shi ne zubi, wato na biyu, a 8500 na takwas, a 12100 kuma alƙaluma biyun farko ne, na goma sha biyu. Mai shagon da kansa ya buɗe masa wannan shafi a allo yana nuna masa da yatsa, amma Alhaji yana can yana ƙirga kuɗi.